Direban Depite

Kun zo tambayar Barma Kalla?
Ku ja tabarma. Shekara goma sha ɗaya na tuƙa shi.
Shi ya san ƙeyata,
ni na san rabin fuskarsa a madubi.

Ubansa ya bar masa ƙasa,
tun daga kukokin Dogo har fadamar bayan Gafati,
gyaɗa a jigawa, rake a kwari,
da itacen gawo da ya san adadinsu
fiye da yadda ya san na jikokinsa.
In ya hau tudu ya miƙa sanda,
manoma da ido suke bin bakinta,
kowa na addu'ar ta tsallake shi.

Da aka ce a tura mutum Yamai
ba a daɗe ana shawara ba.
Wanda ke ba ka irin shuka bashi,
wa za ka jefa wa ƙuri'a in ba shi ba?

Kwana biyu muke yi a hanya.
Farar Fijo, jar ƙasa, kwanan Ƙonni,
kilishi naɗe cikin takardar siminti.
Yana baya yana bitar faransanci da ƙarfi,
ina amsa masa da to, ranka ya daɗe,
ko da ban san wa ake zagi ba.

Ban taɓa shiga zauren majalisa ba.
Mu muna waje, gindin dogon yaro,
amma direbobi kan riga jarida jin labari.
Sau uku ya miƙe tsaye, a duk shekarun nan.
Na fari kan kuɗin gyaɗa.
Gaskiya ya faɗa,
sai dai buhunansa na jibge cikin gaskiyar.

Na biyu kan ruwa.
Ya ce Damagaram gari ne bisa dutse,
mata na kwana a bakin famfo da tulu tsakanin ƙafafu,
ya ce ya ga an wanke gawa da ruwan buta ɗaya.
An ce muryarsa ta yi rawa.
Aka tafa, aka rubuta.
Ran nan bai ci tuwon dare ba.
Takardar tana can, ina jin, ba ta jiƙe ba.

Na uku, roƙo ya yi a buɗe taga.

Shekarar da sama ta ƙi,
rumbu bakwai gare shi, ya fasa huɗu.
Mutanen Zango huɗun suke tunawa,
na Birni ukun suke ƙirgawa har gobe.
Ni dai 'ya'yana sun sha kunu daga huɗun,
kuma ni na kai ukun kasuwa da dare.
Ku rubuta wanda kuka ga dama.

Muna dab da Dogon Dutsi rediyo ya sake kiɗa,
wata murya ta ce soja sun karɓa.
Ya yi shiru har muka wuce rijiya biyu.
Sannan ya ce, Ganda, juya,
an kusa sharar gona.

Bai ƙara sa takalmi mai igiya ba.
Ya zauna a zaure shekara tara
yana jiran a kawo masa rigimar iyaka,
mutane kuwa sun koyi hanyar jandarma.

Magada goma sha tara suka raba shi.
Inda rake yake, filoti ne.
Inda yake tsayawa da sanda, gidan mai.
Gawo ɗaya ya saura, masu faci sun rataya masa taya.

Ga makullin motar nan, ita ta daɗe da zama akurkin kaji.
Ina bin sa albashin wata huɗu.
Na yafe tun ran jana'iza,
amma duk sanda aka ɗauke ruwa
sai in tsinci kaina ina sake lissafi.